Tattabarar Ebuka a Saman Soronmu

Maman Ebuka, ki yi haƙuri da na ɗora miki wahalar karatu, ga ki da jinya, ga shago. Tun da kika daina ɗaukar wayata, maganar da na saba yi miki a kan bencin shagonki sai na koma yi wa takarda. Ban gyara komai ba, ban cire komai ba. Kin san da girma na koyi rubutun boko, in kin ga harafi ya karkace ki bi shi a hankali. Ni ce Falmata.

Lahadi, 3 ga Safar, bayan azahar

Na kira ki jiya, na kira yau. Wayar tana shiga, ba kya ɗauka. Ban ga laifinki ba.

Jiya dab da magariba autana Gana ya shigo gida, rigarsa a yage ta kafaɗa, ya rungume wani abu a ƙirji. Ko sallama bai yi ba, ya haye saman soro inda yake kiwon tattabarunsa. Bayan salla maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce an yi jifa a wajen mahaɗar Bata tsakanin 'Yan Ja da 'Yan Bulu, an fasa wa wani yaro goshi har an kai shi asibiti. Na ce wane yaro? Ta ce ɗan mai shagon kwalabe ta Sabon Gari.

Mai shagon kwalabe ɗaya na sani.

Litinin, 4 ga Safar, da hantsi

Wannan abu na Ja da Bulu da farko dariya yake ba ni. Yaran Fagge masu tattabaru suna shafa wa fikafikansu jan lalle, na Sabon Gari suna sa shuɗin rini, wai don in garke ya tashi sama kowa ya gane nasa. Ni ce ma nake ɗibar wa Gana daga lallen da nake kwaɓa wa amare. Na ɗauka ado ne. Ban ankara ba sai ga jar hula, ga jan zare a wuyan hannu, ga wani irin fito da suke yi wa juna a bakin titi. Gana ya daina cewa ni, sai mu. Mu ba ma zama a can. Mu ba ma gaisawa da su. Kwanaki na aike shi ya karɓo mini kwalaben humra a wajenki, ya ce, "Inna, ki aiki wani, mu ba ma tsallaka titi." Yaron da ya koyi rarrafe a ƙarƙashin kantarki, shi da Ebuka suna ƙwacen ƙosai ɗaya. Ranar ni na je da kaina, na ce miki kansa ke ciwo. Kika ba ni lemo in kai masa.

Dokarsu ita ce, in garkenka ya janyo tattabarar wani ta sauka a rufinka, ta zama taka. Kamu suke ce masa. Ranar Asabar garken Gana ya janyo ta Ebuka, ya ɗauke ta ya fita nuna wa abokansa. 'Yan Bulu suka biyo sawu, 'Yan Ja suka tare su a Bata. Sauran kin fi ni sani, ke kika zauna a asibiti.

Tattabarar tana nan sama a keji daban. Na hau na gan ta. Fara ce sol, sai shuɗin nan a fikafikai. Ba ta taɓa geron ba.

Talata, 5 ga Safar, bayan asuba

Ba ta ci ba. Shi ma bai ci ba.

Laraba, 6 ga Safar, bayan la'asar

Khalifa ya zo, shi ne babbansu a 'Yan Ja. Ba zan ɗora masa abin da ban gani ba, yaro ne mai ladabi. Ya cire takalmi a bakin tabarma, ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, barka da gida. Ɗan lalle muke so, mai kyau."

"Na wa?"

"Na baƙuwarmu. Za mu yi mata kayan gida."

Na ce, "Khalifa, tsuntsuwar nan da mai ita. In iska ta ɗauke zanena daga igiya ta kai shi gidanku, ya zama na Hajiyarku ke nan?"

Ya yi murmushi yana kallon ƙasa. "Inna, zane ba ya tashi da kansa. Ita da fikafikanta ta zo."

Na ce ba zan bayar ba. Ya ce to, Allah ya huci zuciyar Inna. Gana na tsaye a gindin matattakala, bai dube ni ba, bai dube shi ba. Na fita kai turaren wuta gidan wata amarya. Da na dawo na tarar da kwanon lallen jiya, wanda na bari zan wanke, an kwashe shi tas.

Ta ci gero kaɗan a tafin hannuna da yamma. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 7 ga Safar, da hantsi

Allah ya yafe mini, yau na yi dariya.

Su Khalifa sun kwance tsumman lallen da suka ɗaure mata fikafikai da shi. Ashe lalle in ya hau kan shuɗi ba ya ba da ja. Wani launi ya fito, shi ba kore ba, shi ba ruwan ƙasa ba. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji shiru a sama, sai muryar Innocent, ɗan kafintan nan na bakin layinmu.

"Wallahi Khalifa, wannan ba ja ba ce. Miyar kuka ce. Tuwo kawai ya rage."

Suka fashe da dariya gaba ɗaya, har da Gana, dariyarsa ta farko tun Asabar. Khalifa ya ce duk wanda ya sake cewa miyar kuka sai ya sauko da shi ta kai. Kafin azahar yaran layi duka Miyar Kuka suke ce mata.

Na kira. Ban ga laifinki ba.

Asabar, 9 ga Safar, bayan azahar

Na je gidan suna. Wata mata tana ba da labarin jifan Bata, amma a bakinta babu tattabara ko ɗaya. Mu ne kawai da ku. Wata ta karɓe ta ƙara nata, ta ce ai an daɗe ana shiri. Ni ba mai magana a taro ba ce, kin sani, amma na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, a gidana abin yake. A cikin 'Yan Ja akwai Innocent, duk Lahadi sai ya cusa jar hularsa a aljihu a Bata ya wuce coci. A cikin 'Yan Bulu kuma akwai ɗan ladanin masallacin bayan kasuwa. Faɗan masu tattabaru ne." Ta ce to, ta juya ta ci gaba da wata. Ban sani ba ko ta ji.

Mu da muka girma a garin nan mun san yadda ƙaramar magana take girma in ta bar hannun yara. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Lahadi, 10 ga Safar, bayan la'asar

Na yafa mayafi zan zo. Na kai Kantin Kwari na tsaya ina kallon motoci. Me zan ce miki, tsuntsuwar ɗanki tana saman sorona? Na juyo.

Litinin, 11 ga Safar, da hantsi

Gana na zaune a matattakala da waya, yana maimaita abu ɗaya. Na wuce da bokiti, na dawo, shi dai yake kallo. Na ce nuna mini. Bai hana ni ba.

Bidiyon 'Yan Bulu ne. Na ga Ebuka. Na ga bandejin, ya fi yadda na zata girma, ya sauko har kan gira. Yana zaune a rufinku da ɗan shila a hannu, yana tauna gero yana ba shi daga bakinsa. Ashe tattabarar nan 'yan shila biyu ta bari a sheƙa. Ɗaya ya mutu, namijin ya kasa ciyar da su shi kaɗai. A bayan Ebuka yara suna ɗaga danƙo suna cewa duk jan da ya ratsa samansu sai ya faɗo. Ebuka kuwa bakinsa cike yake da gero.

Na ce, "Gana, buɗe kejin nan ta tafi gidansu. Ta san hanya."

Ya ce, "Inna, ba za ta kai ba. Namu in sun ga ta nufi Sabon Gari za su harbe ta. Su kuma in sun hango ta, ba shuɗiya za su gani ba."

"To sai yaya?"

"Sai dai a hannu."



Talata, 12 ga Safar, bayan azahar

Na gwada sabulu. Na gwada lemon tsami da ruwan ɗumi, ina riƙe da ita ina ba ta haƙuri. Shekara da shekaru amare suna yaba mini don lallena ba ya fita da wuri. Yau ina roƙon Allah ya fita, ya ƙi. Gana ya ce sai ta zubar da gashin ta sake wani, watanni ke nan.

Alhamis, 14 ga Safar, bayan asuba

Na idar da salla ina lazimi ya zo ya zauna a gefen dardumata, kamar lokacin da yake ƙarami. Ya daɗe yana wasa da bakin dardumar.

"Inna, kowa ya yi jifa ranar."

Na ce, "Ban tambaye ka kowa ba."

Abin da ya faɗa bayan nan ba ni zan kawo miki shi ba. Na ce masa Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma haƙƙin mutum sai an je wajen mai shi. Ya yi kuka irin na manya, ba sauti. Na dama masa koko, ya shanye.

Juma'a, 15 ga Safar, bayan an sauko daga masallaci

Maigidana Malam ba ya komawa kasuwar Singa ranar Juma'a sai la'asar. Kin san shi, sai a wuni bai yi magana goma ba. Yau yana cin abinci ya ce a kira masa Gana. Na zata faɗa ne. Sai ya ce shi ma ya yi kiwon tattabaru a soron nan kafin a haifi yayyen Gana, kuma su ma suna kamu.

"Amma mai shila ba ta kamuwa. In ka kama ka ji tana da 'ya'ya, kai da ƙafarka za ka mai da ita, mai ita ya ba ka mudun gero na ban gajiya. Wanda ya riƙe mai shila ba ma zama da shi. Ku wa ya koya muku kamun, rabi ya koya muku?"

Ya ci gaba da cin abincinsa. Gana ya fita da sauri, na san wajen Khalifa ya tafi. Raina ya yi fari, na ce ga hanya ta samu daga cikin dokarsu.

Juma'a, dab da magariba

Ba ta samu ba. Khalifa ya ce wannan dokar tsofaffi ce, su da tasu. Ya ce an zubar da jini a kanta, in aka mai da ita 'Yan Ja sun zama abin dariya har Kurna. Wanda ya kai ta ya kwance zare, kuma tattabarunsa sun halatta ga kowa.

Gana ya shekara uku yana tara tsuntsayen nan. Kowace da sunanta. Abokansa kuma, duk wanda yake da shi a duniya yana cikin masu jar hula, in ka cire ɗaya.

Ban ce masa yi ba, ban ce kar ka yi ba. Na ga in na tura shi, ni na kai ta, ba shi ba.

Asabar, 16 ga Safar, bayan la'asar

Ya wuni a sama. Ina jin takunsa a kaina.

Lahadi, 17 ga Safar, da sassafe

Ya sauko ya miƙo mini hannu. "Inna, kwance mini." Ƙullin ya cije, na sa haƙori ya ƙi, sai da na ɗauko almakashi. Wurin zaren ya yi fari a fatarsa, kamar an zana.

Ya rasa abin da zai sa tattabarar a ciki, na ba shi kwalin da kika zubo mini kwalabe a ciki, ya huda shi da ƙusa. Muna haka aka yi sallama. Innocent ne cikin farar rigar coci, takalmi na ƙyalli.

"Inna, ina kwana. Na ji ana kai miya Sabon Gari, na ce hanyarmu ɗaya."

Gana ya ce, "Khalifa zai kore ka."

"Yau Lahadi ce, ba na aiki da Khalifa."

Na raka su bakin zaure. Na karanta abin da na iya na tofa a bayansu. Yanzu ina zaune, na ɗora tukunya ban san me zan zuba a ciki ba.

Lahadi, bayan azahar

Ya dawo da ƙafafunsa. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Ga yadda ya ba ni labari. A bakin layinku 'Yan Bulu suka zagaye su, wani har ya riƙe masa wuyan riga. Innocent ya ce kafin a yi komai a buɗe kwalin. Ɗan ladani ne ya buɗe. Ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa, ya ce, "Wannan wace irin miya ce kuka dafa mana?" Wanda ya riƙe rigar ya saki don ya leƙa shi ma. Suna cikin dariya Ebuka ya sauko.

Bai yi dariya ba. Ya karɓi kwalin ya hau, ya bar Gana ya biyo shi. Da ya sake ta a rufi, namijin ya taso yana kumbura wuya yana zagaya ta yana guɗa. Gana ya ce namijin ko kallon fikafikan bai yi ba.

A nan Gana ya faɗa masa abin da ya faɗa mini ranar Alhamis. Ebuka ya taɓa bandejinsa ya ce, "Na sani, ai na ga hannunka. Tun muna yara ko mangwaro ba ka iya jifa ba, sai a kaina ka koya." Gana ya miƙa masa hannu, bai karɓa ba. Amma shi ya raka shi har bakin titi don kada wani ya taɓa shi.

Na ce Maman Ebuka fa? Ya ce labulen tagarki ya motsa, ba ki fito ba. Ban ga laifinki ba.

Laraba, 20 ga Safar, bayan la'asar

Su Khalifa sun cika alkawarinsu. Gana na sakin garkensa suka saki nasu daga rufi uku, suka janye masa kusan rabi, har da baƙin namijin da ya fi so. Ya tsaya da gorarsa mai tsumma yana kallo. Bai zagi kowa ba. Da ya je sayen gero yaran da suke kwana a zaurenmu suka juya masa baya, wani ya yi masa fito na tsiya.

Ya ce, "Inna, yanzu ni ɗan me ne?"

Na ce ɗan Malam ne da Falmata, zo ka daka mini icen sandal na turare. Ya daka, ya fi ni laushin daka.

Asabar, 23 ga Safar, da hantsi

Na ji taku a sama fiye da na mutum ɗaya. Innocent ne da wasu yara biyu, ba hula. Ɗaya ya zo da tattabara mai ciwon ido Gana ya duba masa. Na aika musu da ɗanwake.

Da yamma aka tarar da baƙin namijin nan a cikin kwando a zaure, an rufe shi da jar hula. Babu wanda ya ga mai kawowa. Gana ya daɗe yana juya hular a hannu. Ya ce ta Khalifa ce, ya san ta da ƙunar taba a gefe. Ban san me hakan ke nufi ba, shi ma bai sani ba. Sauran ba su dawo ba.

Talata, 26 ga Safar, bayan azahar

Innocent ya shigo da kwalin nan mai huda. A ciki ɗan shilan ne, wanda ya rayu. Ya yi gashi, fari tas, ba a sa masa komai ba.

"Ebuka ya ce ka riƙe. Ya ce kada ka kuskura ka zuba masa miya."

Gana ya ce, "Ai bai fara tashi ba. Inda ya koyi tashi nan ne gidansa har abada. Ya san haka?"

"Shi ya ciyar da shi da bakinsa, kai za ka koya masa? Ya ce ranar da zai fara tashi a kira shi ya zo ya gani."

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗan jima.

Laraba, 27 ga Safar, da hantsi

Maman Ebuka, Innocent zai kawo miki wannan da 'yar humra a kwalba, ita ce kwalbata ta ƙarshe. Ban saya a wani shago ba, amare suna ta jira. Ba don kwalabe nake so in zo ba. So nake in ga goshin yaron nan da idona, in zauna a gabanki ki faɗa mini duk abin da ke ranki, ba zan kare kowa ba.

Gana ya ce ɗan shilan ya fara buɗe fikafikai a bakin keji, bai fi 'yan kwanaki ba zai tashi. Ebuka ba zai tsallako Fagge ba sai da izininki, ni ma ba na so ya zo ba da shi ba. In kin yarda, ni da Malam za mu tare shi a Bata mu shigo da shi.

Ki ce mini in zo, ko in ƙara jira. Ko ta bakin Innocent, ko ki ɗauki wayar ko da ba za ki yi magana ba. Don Allah ki ba ni amsa da wuri, tsuntsun ba zai jira mu ba.